Shin tattaki da sassarfa suna gina tsokar ƙafa ga mai rage ƙiba?

Wani bawan Allah ya turo mini tambaya, ga ta a taƙaice. Shekarunsa 38, aikin ofis yake yi, nauyinsa ya kai kilo 98. Wata uku ke nan da ya rage cin abinci, kuma kusan kullum bayan sallar asuba yakan fita tattaki na kamar minti 45, wani lokaci ya haɗa da sassarfa. Ya sauke kilo 7. Ya ce yanzu idan ya taɓa sharaɓarsa sai ya ji ta yi tauri, har wani layi ya fito a gefen cinyarsa, amma kuma wandunansa sun yi masa yawa a cinya. Yana so ya san ko tsoka ce ke ginuwa ko zagwanyewa take yi, kuma ko wannan kadiyon, wato motsa jiki irin tattaki da sassarfa mai sa zuciya bugawa da sauri, shi kaɗai zai ishe shi ba sai ya ɗaga ƙarfe ba.

Malam, sannu da ƙoƙari. Kilo 7 a wata uku tafiya ce mai kyau, wajen rabin kilo ke nan a mako, kuma haka ake so. Amsarka a dunƙule ita ce, tattaki da sassarfa suna iya ƙara wa ƙafa ɗan nama a farkon farawa, amma kaɗan ne, kuma ba ya nisa yake tsayawa. Yawancin abin da idonka yake gani tsokarka ce ta da, kitse ne ya janye daga kanta ta fito fili. Abin da ya kamata ya dame ka yanzu shi ne yadda za ka riƙe wadda kake da ita, domin a wannan fagen kadiyo shi kaɗai rago ne.

Ka san kai ɗan dako ne shekara da shekaru ba ka sani ba? Mutumin da ya kamata ya yi kilo 78 amma yake yawo da 98, tamkar an goya masa jarkar ruwa mai lita 20 ne, da ita yake hawa bene, da ita yake tashi daga tabarma, da ita yake ɗagowa daga sujada. Shi ya sa masu jiki galibi suna da naman ƙafa fiye da siraran da suke tsawo ɗaya da su, sai dai a lulluɓe yake. To yanzu ka fara zubar da ruwan jarkar nan, ka zubar da lita 7. Ƙafar ta samu sauƙi, kuma jiki ba ya ciyar da ma'aikacin da ba ya aiki. Tsoka tana da tsadar riƙo, ko kana barci tana cin abinci, saboda haka da zarar abinci ya ragu kuma aiki ya yi sauƙi, jiki yakan fara sallamar ta kaɗan-kaɗan. A aikinmu na fisiyo, wato gashin ƙashi da motsa gaɓoɓin marasa lafiya a asibiti, muna ganin wannan ƙiri-ƙiri. A kawo maka saurayi majiyi ƙarfi da ya karye, a cire masa filasta bayan mako shida, ka ɗora tef a cinyar da aka ɗaure ka ɗora a ɗayar, sai ka ga tazarar santimita da yawa, fatar har tana reto. Babu abin da ya ci naman nan sai zama. A wurin mai rage ƙiba abin bai kai haka muni ba, amma hanyar ɗaya ce. Ƙiyasin da aka saba yi shi ne, idan mutum ya rage nauyi da rage abinci kawai, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya sauke ba kitse ba ne, akwai ruwa a ciki, akwai tsoka.

Dalilin da ya sa tattaki ba ya iya tare wannan asarar sosai yana cikin yadda aka halicci tsokar kanta. Zare-zare ne a cikinta, iri biyu manya. Akwai masu juriya, sirara, ba sa gajiya da wuri, su ne suke riƙe ka a tsaye kuma su ne suke aiki idan kana tafiya. Akwai kuma masu ƙarfi, waɗanda suke da kauri kuma suka fi saurin ƙara kauri, amma ba sa tashi aiki sai an zo wurin da na farkon suka kasa, kamar ɗaga abu mai nauyi, ko tsalle, ko gudun tsira. Jiki mai tsimi ne, ƙananan yake fara kira, ba ya tada manyan sai dole. Idan kana tattaki a shimfiɗaɗɗiyar hanya, taku dubu biyar ko dubu goma, kowane taku ɗan ƙaramin kaso ne na ƙarfin ƙafarka yake nema, manyan zaren suna kwance abinsu. Abin da kadiyo yake gyarawa a cikin tsoka wani abu ne daban: yana ƙara ƙananan hanyoyin jini, yana ƙara wa tsokar iya amfani da iska da ƙona mai, yana ƙarfafa zuciya. Duk alheri ne, sai dai ba kauri ba ne.

Ba sai ka je ɗakin bincike ba, ka dubi makiyayi. Yana iya wuni a ƙafa daga hantsi har faɗuwar rana, shekara tana zagayowa, amma dubi ƙwaurinsa, siriri ne kamar sandar da ke kafaɗarsa, ga tauri kamar kiri, ba za ka iya binsa ba ko na rabin wuni. Sannan ka dubi ɗan garuwar da yake tura kura da jarka goma ko sha biyu, musamman inda hanya ta yi tudu ko tayar ta faɗa yashi, yadda yake kafa yatsun ƙafa a ƙasa yana turawa da dukkan jikinsa. Sharaɓarsa kamar an cusa ƙwallon mangwaro. Makiyayin ya fi shi yawan taku nesa ba kusa ba, shi kuma ya fi shi nauyin kowane taku. A duniyar wasanni ma haka ne. Eliud Kipchoge na Kenya, wanda ya yi gudun fanfalaki na kilomita 42 cikin ƙasa da awa biyu a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a 2019, bai fi kilo 52 ba, alhali Usain Bolt na Jamaika, mai mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a 2009, ya haura kilo 90. Amma kada a ɗora wa atisaye komai a nan, akwai gado a ciki. Wasan ma yana zaɓar jikin da ya dace da shi, kuma masu gajeren gudu suna wuni a wurin ɗaga ƙarfe. Sharaɓa musamman, gado yana da babban rabo a siffarta, wani ko me ya yi ba za ta cika ba.

Duk da haka ba zan ce maka kadiyo ba ya gina komai ba, domin an auna an gani. Matthew Harber da abokan aikinsa a Jami'ar Ball State da ke Amurka sun ɗora matasa da tsofaffin maza da ba su saba motsa jiki ba a kan keken motsa jiki na mako 12, kwana uku zuwa huɗu a mako, suka auna cinyarsu da na'urar hoton cikin jiki kafin da bayan. A rahoton da suka fitar a 2012, naman gaban cinya ya ƙaru da kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari. Ka lura da abu uku a nan. Mutanen sababbin shiga ne, kuma ƙafar da ba ta saba komai ba ko ƙaramin aiki sabon abu ne a wurinta. Keke aka yi amfani da shi, wanda ake ƙara masa tauri, ƙafa tana dannawa da ƙarfi, ba tafiya a sarari ba. Sannan ba a rage musu abinci ba. Kai kuwa kana da na farkon ne kawai, shi ma wata uku sun fara cinye shi.

Binciken da ya fi kama da halin da kake ciki shi ne wanda Dennis Villareal ya jagoranta, aka buga a mujallar likitoci ta New England a 2017. Mutum 160 aka ɗauka, masu ƙiba, 'yan shekara 65 zuwa sama, aka bi su wata shida. Rukuni uku daga cikinsu an rage musu abinci iri ɗaya, sai aka ba wasu kadiyo kaɗai, wasu ɗaga nauyi kaɗai, wasu kuma aka haɗa musu biyun. Dukkansu sun sauke kusan kashi 9 cikin ɗari na nauyinsu, wato a kan sikeli babu bambanci. Da aka leƙa ciki sai labari ya canza. Masu kadiyo kaɗai sun rasa kashi 5 cikin ɗari na naman jikinsu wanda ba kitse ba, masu haɗawa kashi 3, masu ɗaga nauyi kashi 2. Har ƙashin ƙugu ya fi raguwa a wurin masu kadiyo kaɗai. Waɗanda aka haɗa wa biyun su ne suka fi samun ƙarfin gudanar da harkokinsu na yau da kullum. Gaskiya ne tsofaffi ne, kai kuma da sauran ƙuruciyarka, jikinka zai fi nasu riƙo. Amma ka ga inda iskar take kaɗawa: babu rukunin da ya ƙara nama yana rage ƙiba, tambayar kawai wa ya fi rage asara.

To taurin da kake ji a sharaɓa fa? Wani ɓangare nasa kitsen da ke tsakanin fata da tsoka ne ya yi siriri, yatsanka ya isa ga nama da wuri. Wani ɓangare kuma ruwa ne. Tsokar da ta fara aiki tana ƙara ajiyar sukarin da take ƙonawa, kuma kowane giram ɗaya na wannan ajiya yana riƙe ruwa kamar giram uku, sai ta cika ta yi tauri. Mutane da yawa, musamman mata, sukan firgita a makonnin farko su ce gudu ya kumbura musu ƙafa, su daina, alhali kallon kitse suka yi wa rogo, bayan 'yan makonni abin yakan daidaita. Wandon da ya yi maka yawa shi ne ya fi faɗin gaskiya, cinyar raguwa take yi, kuma galibin abin da ya tafi kitse ne.

An ce taura biyu ba ta taunuwa, kuma a dunƙule haka ne, gina nama yana son rarar abinci, rage kitse yana son giɓi. Amma mai teɓa da bai taɓa ɗaga nauyi ba yana cikin 'yan kaɗan ɗin da suke iya tauna su tare na ɗan lokaci, domin rumbunsa a jikinsa yake. A Jami'ar McMaster ta Kanada, a ɗakin binciken Stuart Phillips, an ɗauki samari 40 masu ɗan jiki aka rage musu kusan kashi 40 cikin ɗari na abincin da suke buƙata har mako huɗu, suna atisaye mai tsanani da ɗaga nauyi kwana shida a mako. Rabinsu an ba su furotin, wato sinadarin gina jiki, giram 2.4 a rana a kan kowane kilo na nauyinsu, rabi kuma giram 1.2. Na farkon sun zubar da kitse kilo 4.8, suka kuma ƙara nama kilo 1.2. Na biyun sun zubar da kilo 3.5, namansu ya tsaya kusan yadda yake. An buga wannan a 2016. Ban kawo shi don ka kwaikwaya ba, azaba ce ta wata ɗaya da aka yi ana dafa wa mutane abinci ana tsaye a kansu. Na kawo shi ne don ka ga cewa ko waɗanda aka ba furotin kaɗan ba su yi asara ba, saboda tsokarsu tana shan nauyi.

Saboda haka kada ka bar tattakinka, ka ƙara masa kwana biyu a mako na aikin nauyi, minti 25 zuwa 30 ya isa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma abin da ta ce ke nan a ƙa'idojinta na 2020, minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu, amma mutane rabin farko kawai suke ji. Kuma ba dole sai ka biya kuɗin gidan motsa jiki ba. Ka sami kujera mai ƙwari, ka tsaya a gabanta, ka sauka a hankali kamar za ka zauna, mazaunai su taɓa ta kawai ka miƙe, ba tare da dafa gwiwa ba. Ka sami dakali ko matattakalar bene, ka ɗora ƙafa ɗaya ka hau da ita, ka sauko a hankali, saukowar ta fi hawan amfani, kada ka faɗo tim. Ka kwanta rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, ka ɗaga ƙugu sama ka matse mazaunai, wannan na bayan cinya ne, wurin da zaman ofis ya fi kashewa. Sai ɗage a bakin matattakala, diddige yana sauka ƙasa sosai sannan ka tashi a kan yatsu, da ƙafa ɗaya idan biyu ta yi sauƙi. Kowanne ka yi sau 8 zuwa 15, ka huta minti ɗaya ko biyu, ka maimaita zagaye uku.

Sirrin duka yana wuri ɗaya, kuma a nan mafi yawan mutane suke ɓata. Dole sau biyun ƙarshe na kowane zagaye su zama da ƙyar. Idan ka yi 15 kana iya hira, ka koma kadiyo ke nan da wani suna. Ranar da 15 ta yi sauƙi, ka ɗauko jarka mai lita 5 ka rungume ta a ƙirji, lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, sikelinka ke nan. Bayan mako biyu ko uku ka koma mai lita 10, ka riƙa ƙara ruwa kaɗan-kaɗan. Wato ruwan da ka zubar daga jarkar da ke jikinka, kana mayar wa ƙafar da shi na rabin awa don kada ta manta. Ina da wani dattijo da nake dubawa wanda ya fara da kujera kawai, yana tashi yana nishi, yau da jakar makarantar jikansa cike da yashi yake yi, kuma abin da ya fi faranta masa rai shi ne ya daina neman bango idan zai tashi daga zaman tahiya. Tsallen kwaɗo kuwa, wanda aka hore mu da shi a makaranta, ka bar shi tukuna, a kilo 91 gwiwa ce za ta biya bashin.

Shi kansa kadiyon kana iya juya shi ya ɗan taimaka. Kwana ɗaya a mako ka bar shimfiɗaɗɗiyar hanya ka nemi tudu ko bene, ka hau da sauri na rabin minti, ka sauko a hankali, sau shida ko takwas. Idan kana da keke, ka saka shi a giya mai tauri ka nemi hawa. Ga mai nauyi irinka keke ya fi sassarfa tausayin gwiwa, ya kuma fi ta taɓa cinya.

Za ka ji 'yan ɗaga ƙarfe suna cewa kadiyo yana cinye tsoka. Maganar tana da asali. A 1980 Robert Hickson ya nuna cewa waɗanda suka haɗa ɗaga nauyi kwana biyar da gudu da keke mai tsanani kwana shida a mako, ƙarfin ƙafarsu ya tsaya wajen mako na bakwai, ya ma fara ja da baya kafin a cika mako goma. Nazarin da aka yi daga baya ya nuna gudu ya fi keke kawo wannan cikas, kuma yawansa da tsawonsa ne matsalar. Tattakin minti 45 bai kai nan ba. Idan rana ɗaya za ka yi duka, ka fara da nauyin tun ƙafa tana da ƙarfinta, tattakin ya biyo baya.

Sai abinci, wanda a ganina nan ne ka fi zama cikin haɗari. Yawancinmu idan za mu rage ci, komai muke ragewa daidai wa daida, tuwon da miyar da ɗan naman da ke ciki, ko kuma mu wuni a kan shayi da burodi. Abin da za ka rage shi ne tuwo da shinkafa da lemon kwalba da sukarin shayi da soye-soye, furotin kuwa ƙara shi za ka yi. Adadin da nazari ya fi tsayawa a kai ga mai aikin nauyi shi ne wajen giram 1.6 a kowane kilo, kuma mai ƙiba da nauyin da yake son kaiwa zai yi lissafi. Idan kilo 80 kake nufa, giram 110 zuwa 130 a rana ya yi. Ƙwai ɗaya giram 6 ne. Dafaffen nama ko kifi ko kaza mai girman tafin hannu wajen giram 25. Kofin dafaffen wake wajen 13, kofin nono wajen 8. Na san halin da aljihu yake ciki, shi ya sa nake yawan tura mutane wurin mai awara da mai alale, waken suya yana cikin mafi arhar furotin da muke da shi, sai dai a nemi awarar da ba ta sha mai ba, ko a jefa ta a miya. Ka raba shi sau uku a rana maimakon ka tara wa dare. Idan an taɓa ce maka ƙodarka tana da matsala, kada ka ƙara furotin sai likitanka ya ba ka adadi. Barci kuma, tunda kana tashi asuba, ka kwanta da wuri, mai barcin awa biyar ya fi asarar nama idan yana rage ci.

Yadda za ka san inda kake, ka ari tef ɗin tela. Da safe kafin ka fita, ka auna cinya a santimita 15 sama da ƙoƙon gwiwa, ka auna ciki daidai cibiya, ka rubuta, ka sake bayan mako biyu. A gefe ka rubuta litar da ke cikin jarka da sau nawa ka tashi da ita. Idan ciki yana raguwa, cinya tana raguwa a hankali, jarka kuma tana ƙara nauyi, kitse kake zubarwa. Idan sikeli yana gudu fiye da kilo ɗaya a mako kuma abin da ka ɗaga jiya yau ya gagara, ka ƙara abinci. Sikelin nan da ake takawa ya ce ga yawan tsokarka, kada ka ba shi amana sosai, kofin ruwa biyu yana canza masa magana.

Idan kana da hawan jini, ka auna kafin ka fara, kuma kada ka riƙe numfashi lokacin ɗagowa, ka fitar da iska kana miƙewa. Ciwon tsoka na kwana biyu bayan atisaye ba komai ba ne, amma ciwo mai suka a cikin gwiwa ko kumburinta alama ce ta a rage zurfin tsuguno. Taurin sharaɓa da ka ambata, matuƙar ƙafa biyun ne kuma babu ciwo, lafiya lau. Idan ɗaya ce kaɗai ta kumbura, ta yi zafi, tana ciwo ko kana zaune, kada ka bari a yi maka tausa ko a gasa ta, ka tafi asibiti a ranar a duba ko jini ne ya daskare a jijiya.